Likitan wata-wata da inshora a Amurka: amsar tambayoyin da kuke ta turo min

Tun ranar da bakina ya kubce a wajen wani suna na ce ni yanzu wata-wata nake biyan likitana, wayata ba ta huta ba. Wannan ya kira daga Bronx, wancan daga Greensboro, wata Hajiya daga Houston ta turo min saƙon murya har na minti tara, kuma tambayoyin duk kusan iri ɗaya ne. Shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya in huta. Ni ba likita ba ne, ba kuma dillalin inshora ba, mai biya ne kawai kamar ku wanda bil ɗin asibiti ya taɓa hana shi barci.

Wai mene ne ma wannan DPC ɗin da kake ta magana?

Sunan da suke kiransa da Turanci Direct Primary Care, a taƙaice DPC. Kai da likita ne kawai ba mai shiga tsakani. Kana biyansa wani kuɗi tsayayye duk wata, yawanci tsakanin dala 50 zuwa 100 ga babba, a manyan birane ya kan haura haka, yara kuma ƙasa da haka, shi kuma duk lokacin da ka buƙaci ganinsa sai ka je ba za a sake karɓar ko sisi a bakin kanta ba. Ba ya tura wa kamfanin inshora bil, ba ya ma tambayar katinka don ya caje su. Waɗanda suka san yadda kamfanoni a Kano ko Kaduna suke ƙulla yarjejeniya da asibitin kuɗi, ma'aikaci ya je a duba shi ba tare da ya sa hannu a aljihu ba, to kusan haka ne, sai dai nan kai ne kamfanin.

Abin ba sabo ba ne. Wani likita a Seattle, Garrison Bliss, tun 1997 ya fara irin wannan, jihar Washington ta yi masa doka a 2007, yanzu kuma jihohi sama da 30 suna da dokar da ta ce ƙarara wannan tsarin ba inshora ba ne. Abin da ya sa likitan yake da lokacinka lissafi ne kawai: likitan asibiti na yau da kullum yana riƙe da mutum dubu biyu ko fiye, shi wannan ɗari huɗu zuwa ɗari takwas. Shi ya sa zama da shi ya kan kai rabin awa har awa, kuma za ka tura masa tes da daddare ya amsa.

To in na shiga, sai in yar da inshorata kenan?

A'a, don Allah a'a. Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan gaba ɗaya, saboda wani ɗan uwa direban Uber ya ce min shi ya riga ya soke tashi tun da ya samu likitan dala 75, gabana sai da ya faɗi.

Likitan wata-wata yana duba hawan jini, suga, mura, ciwon baya, ƙurajen yara, ɗinkin ƙaramin yanka, ciwon sanyi, ya bi ka a hankali ya daidaita maka magani. Nan ya tsaya. Ba ya da gadon kwanciya, ba ya da ɗakin tiyata. Ranar da afendis ya tashi, ko mota ta buge ka a babban titi, ko aka ce kansa ce, ko ƙoda ta kai ga wanki, ko madam za ta haihu, kuɗin watan nan naka ba zai biya ko allura ɗaya ba a can. Kuma a ƙasar nan kwana biyu ko uku a asibiti ya isa ya cinye abin da mutum ya tara a shekaru yana tuƙin dare.

Wasu suna cewa ai imajensi ba sa korar mutum. Gaskiya ne, akwai dokar tarayya tun 1986 da ta tilasta musu su duba ka su tsayar da abin da zai kashe ka ko ba ka da ko kwabo. Amma dokar ba ta ce kyauta ba, bil zai biyo ka har gida, kuma ba ta ce su ci gaba da yi maka maganin kansa wata da watanni ba.

Biya biyu kenan fa. Ina ribar?

Eh biya biyu ne, ba zan ɓoye maka ba. Ko akwai riba ko babu, ya danganta da irin inshorar da kake riƙe da ita da kuma yawan zuwanka asibiti.

Inshora tana da kuɗin wata, firimiyam, wanda ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba sai ka biya. Sannan akwai didaktibul, wato adadin da sai ka kashe daga aljihunka a cikin shekara kafin su fara sa hannu da gaske. Yawancinmu masu aikin kanmu, 'yan tasi, masu shago, masu kitso, masu babbar mota, wadda muke iya saya a kasuwar inshora ta gwamnati, wato ta Obamacare, ita ce mai arha, ta matakin tagulla, kuma ita didaktibul ɗinta ya kan kai dala dubu shida, dubu bakwai. Ma'ana kana da kati a walat amma kusan duk zuwa ganin likita kai ne mai biya, shi ya sa mutum zai yi sati uku yana tari yana shan citta da lemun tsami bai je ba.

To a nan ne haɗin yake aiki. Ka riƙe mai arhar don ranar babbar masifa, ka ɗauki likitan wata don ƙananan abubuwan da suke zuwa kullum. Mu yi misali kawai: in kana biyan dala 80 a wata, a shekara 960 kenan. In kai mai lafiya ne wanda sau biyu kake ganin likita a shekara kan dala 150 duk zuwa, ka yi asara, 300 kawai za ka kashe da ba ka shiga ba. Amma mai suga da hawan jini da ake son gani duk bayan wata biyu ko uku, ga gwajin jini, ga daren da zazzaɓi zai kama yaro a ruga asibitin gaggawa na unguwa, shi lissafinsa daban ne, sau da yawa ya kan fita da riba, ban da lokacin da zai ɓata a layi wanda ga direba shi ma kuɗi ne.

Kuma ko mai arhar tana da silin. A 2025 dokar ta ce mutum ɗaya ba zai kashe fiye da dala 9,200 daga aljihu a shekara ba kan abin da inshorar ta rufe a asibitocin da ke cikin jerinta, iyali 18,400. Kuɗi ne mai yawa, amma gwada shi da bil ɗin tiyatar zuciya ka gani. Wannan silin ɗin shi kake saya.

Kuɗin watan da nake ba likita yana shiga lissafin didaktibul?

A mafi yawan inshora ba ya shiga. Su a wajensu kamar ba ka biya komai ba.

In ya rubuta min gwaji ko magani ko hoto, wa zai biya?

Hanya biyu ce, kuma a nan ne likita mai kirki yake nuna kansa. Ko dai a bi ta inshorarka, ka kai takardar lab ko famasin da ke cikin jerinsu su caji inshora, abin da ka biya ya shiga didaktibul. Ko kuma a bi ta farashin tsabar kuɗi wanda shi likitan ya yi ciniki da lab ɗin a kan sari. Wani abin mamaki a ƙasar nan shi ne sau da yawa farashin tsabar kuɗin ya fi arha nesa ba kusa ba, gwajin suga na wata uku ko na kitsen jini bai wuce 'yan daloli ba ta hannunsa, alhali ta inshora kafin ka cika didaktibul sai ka ga an ninka. Ni na taɓa karɓar bil daga wani lab da har na kira su na ce ko sun haɗa ni da wani ne, daga baya gwaji iri ɗaya ta hannun likitana ko kuɗin cika tankin mota bai kai ba.

Sai dai ka sani abin da ka biya da tsabar kuɗi yawanci ba ya shiga didaktibul. To in shekara ce da ka san akwai tiyata a gabanka, za ka cika didaktibul ɗin ko ta yaya, gara ka bi da komai ta inshora. In shekarar lafiya ce, bi ta tsabar kuɗi.

Magani ma haka. Wasunsu suna da ɗan kabad ɗin magani a ofis suna ba ka kusan a farashin sari, irin su amlodipin da metformin ɗin da rabin dattawanmu suke sha. Amma ba kowace jiha ta yarda ba, a Texas da New York doka ta takura likita sayar da magani da kansa, can sai famasi.

Abu ɗaya kada ka bari ya wuce ka: dokar Obamacare ta 2010 ta sa gwaje-gwajen rigakafi kyauta ne a cikin jerin inshorarka ko ba ka cika didaktibul ba, allurar rigakafi, hoton nono na mata, duba hanji daga shekara 45. Waɗannan ka riga ka biya su a firimiyam, ka bi da su ta inshora.

Tawa HMO ce. Za su karɓi takardar likitan in ya tura ni wajen likitan zuciya?

Nan ne ake yawan cin tuntuɓe. Inshora irin ta PPO ba ta cika neman takardar turawa ba, za ka iya zuwa wajen ƙwararren likitan da ke jerinsu kai tsaye, don haka tana zama lafiya da likitan wata. HMO kuwa ta ɗaure ka da likita ɗaya na cikin jerinsu, shi kaɗai ne takardarsa take aiki, kuma likitan wata ba ya cikin jerin kowa. 'Yan Najeriya da suka yi aikin gwamnati sun san wannan a tsohuwar NHIS, inshorar lafiya ta gwamnatin Najeriya, sai asibitinka na farko ya tura ka an ba da lamba kafin babban asibiti ya taɓa ka. To mai HMO sai ya riƙe likitoci biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na sa hannu, kuma wani lokacin har gwajin da likitan waje ya rubuta sai su ƙi biya. Kira lambar da ke bayan katinka ka tambaye su kafin ka sa hannu a komai, ka rubuta sunan wanda ya amsa da ranar.

Ina da asusun HSA. An ce min in na shiga DPC na ɓata shi.

Da haka ne, yanzu an canza. HSA asusu ne da mai inshora mai babban didaktibul yake tara kuɗin lafiya ba tare da an cire masa haraji ba. Shekara da shekaru hukumar haraji IRS tana ɗaukar likitan wata kamar wata inshora ce ta biyu, sai ta ce ba ka da damar zuba kuɗi a asusun. Babbar dokar haraji da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta gyara wannan: daga 1 ga Janairu 2026, in kuɗin watan bai wuce dala 150 ga mutum ɗaya ba, ko 300 ga fiye da ɗaya, asusunka na nan daram kuma za ka iya biyan likitan daga ciki. In ya wuce haka, ko kuma an cusa kuɗin magunguna a cikin kuɗin watan, za ka iya rasa damar zubawa, to ka karanta yarjejeniyar. Dokar ta kuma sa inshorar matakin tagulla ta kasuwar gwamnati ta cancanci HSA, wanda ga masu aikin kansu ba ƙaramin abu ba ne.

In DPC kawai nake da shi, gwamnati za ta ci ni tara?

Ta tarayya ta daina tun 2019. Amma California, Massachusetts, New Jersey, Rhode Island da birnin Washington DC suna da tasu tarar a takardar haraji, kuma likitan wata ba ya cikin abin da suke lissafawa a matsayin inshora. Sannan ka tuna ƙofar sayen inshora a kasuwar gwamnati a yawancin jihohi 1 ga Nuwamba take buɗewa ta 'yan makonni. In ka soke taka a watan Maris don ka samu likita, ciwo ya zo a Yuni, ba za ka ce a buɗe maka ba. Aure, haihuwa, rasa inshorar wajen aiki, su ne irin abin da ke buɗe ƙofar ta kwana 60. Barin likitan wata ba ya ciki.

Na kawo Baba da Inna daga gida, ba su da komai. Wannan zai yi musu?

Allah ya saka da alheri, ya sa a gama lafiya. A ganina a nan ne tsarin ya fi amfani ga mutanenmu. Mai sabon girin kad a jihohi da yawa sai ya shekara biyar kafin Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ta karɓe shi, dokar 1996 ce, ko da yake New York da California suna rufe wannan giɓin da kuɗinsu. Medicare ma, wato inshorar gwamnatin tarayya ta dattawa, dattijon da bai yi aiki a nan ba sai ya cika 65 kuma ya zauna shekara biyar a jere da girin kad kafin a bar shi ya saya. Wanda ya zo da bizar ziyara kuwa inshorar matafiya ce kawai, ita kuma ba ta cika biyan ciwon da mutum ya zo da shi ba, alhali shi Baba hawan jinin nan ya shekara ashirin da shi.

To likitan wata zai riƙe su, ya duba magungunan da suka zo da su a leda, ya cire wanda ya yi karo da wani, kuma yana da lokacin da zai jira ka fassara musu ba yana kallon agogo ba. Amma mai girin kad yana da damar sayen inshora a kasuwar gwamnati, ka saya musu ko mai arha ce, saboda dattijo faɗuwa ɗaya a banɗaki ta isa.

Wanda takardunsa ba su daidaita ba, kasuwar tarayya ba ta sayar masa. Likitan wata shi kuɗin wata yake nema ba lambar inshora ba. Amma kafin nan a leƙa asibitocin unguwa masu tallafin tarayya, waɗanda ake kira FQHC, suna caji gwargwadon samun mutum, ga mai ƙaramin ƙarfi sun fi arha.

Ni ina da Medicare. Ni kuma Medicaid.

Mai Medicare zai iya shiga, amma yawanci sai likitan ya fita daga tsarin Medicare a hukumance, ku sa hannu a takardar cewa ba za ka nemi su biya ka kuɗinsa ba. Asibiti, ƙwararru da gwaje-gwaje duk Medicare ta ci gaba da biya. Kada ka yar da ita. Medicaid kuwa jiha-jiha ce, wasu jihohin sun hana likita karɓar kuɗi a hannun mai ita. Ni dai in kana da Medicaid, ganin likita kusan kyauta kake yi, ban ga dalilin ƙarin kashe kuɗi ba sai dai in ka rasa mai ganinka a kan lokaci.

Ba shi ne wancan na masu kuɗi ba, konsiyaj?

'Yan uwa ne amma ba ɗaya ba. Wancan ya kan karɓi dubbai a shekara kuma ya sake cajin inshorarka a kai. Wannan bai taɓa inshora.

Likitan ya ce in haɗa da wata ƙungiyar raba kuɗin asibiti maimakon inshora, ta fi arha.

Yi hattara. Waɗannan ƙungiyoyin kamar adashen rashin lafiya ne, kowa ya zuba, wanda ya kwanta a taimaka masa, kuma da kansu suna rubutawa cewa su ba inshora ba ne, babu dokar da ta tilasta musu biyan bil ɗinka. Ciwon da ka shiga da shi sau da yawa ba sa ɗauka sai bayan wani lokaci. Sannan manya-manyansu na coci ne, sai ka sa hannu cewa ka yarda da aƙidarsu kafin su karɓe ka, Musulmi ya karanta da kyau kafin ya danna. Akwai waɗanda ba ruwansu da addini, amma maganar rashin tilas ɗin tana nan.

Maganar azumi, Hajji, da tafiya gida fa?

Wannan ɓangaren ni ya fi burge ni. Mai ciwon suga da ke son yin azumi yana buƙatar a zauna da shi tun Sha'aban a tsara wanne zai sha da sahur wanne da buɗa-baki, da alamar da in ya gani dole ya karya, kuma wannan ba hirar minti goma ba ce. Likitana ba Musulmi ba ne amma sai da ya tambaye ni ƙarfe nawa ake shan ruwa a watan. Maganin kariyar maleriya kafin tafiya gida ma tes ɗaya ne ya tura famasi, kuma in ka dawo da zazzaɓi kana da wanda ya san daga ina kake, ba wanda zai ce mura ce ka je ka huta ba, duk da haka zazzaɓi bayan dawowa daga gida ba abin jira ba ne, a gwada jini a ranar.

Allurar sanƙarau da Saudiyya take nema ga alhazai za ka iya yi a famasi. Ta zazzaɓin shawara kuwa sai cibiyar da aka ba izini mai hatimi. Haka gwajin lafiyar masu lasin babbar mota sai likitan da ke rajistar hukumar sufuri, na neman girin kad kuma sai likitan da hukumar shige da fice ta amince da shi. Wasu likitocin wata suna da waɗannan izinin, wasu ba su da shi, kuma ko suna da shi yawanci kuɗinsa daban.

Yarona sikila ne. Matata kuma tana da ciki.

Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ta lafiya. Ku inshora mai ƙarfi ce ta farko, ba mai arha ba, domin likitan jini, kwanciya in ciwon ya tashi, awo da haihuwa duk a wajen tsarin suke. Ku duba ko yaron ya cancanci Medicaid ko CHIP, inshorar gwamnati ta yara. In kuɗi ya ragu bayan nan sai a yi maganar likitan wata.

In likitan ya rufe ko na gaji fa?

Yana faruwa. Qliance, kamfanin da shi Bliss ɗin ya kafa a Seattle kuma ya fi kowa suna a harkar a lokacinsa, ya rufe a 2017, mutane suka koma neman likita. Yawancin ofisoshin nan likita ɗaya ne da nas ɗaya, in ya tafi hutu ko ya yi rashin lafiya sai wanda ya bar wa. Don haka kada ka biya na shekara gaba ɗaya don an yi maka ragi sai ka ga a rubuce cewa za a mayar maka da ragowar. Yawanci wata-wata ne, ka ba da sanarwar kwana 30 ka fita, amma wasu suna da kuɗin rajista, kuma in ka fita ka dawo su sake karɓa, don kada mutane su riƙa shiga sai ciwo ya zo.

Ranar da za ka je ganin wurin, yawancinsu suna ba da zaman farko na gaisawa kyauta, ka tafi da katin inshorarka da ledar magungunanka. Ka tambaye shi wa ke amsa waya in ba ya nan, mutum nawa yake riƙe da su yanzu, yana ganin jarirai ko sai manya, in an kwantar da kai zai yi magana da likitocin asibitin ko a'a, sannan ka ce ya ba ka takardar farashin gwaje-gwajensa ka tafi da ita gida. Hajiyar Houston, ke kuma tambayarki ta ƙarshe kan likita mace: akwai su da yawa a tsarin, akwai taswirar DPC Frontier a intanet da za ki sa lambar unguwarku ki ga na kusa da ke, sai ki kira ki tambaya ko tana ɗaukar sababbi.